Sadisu da ƙattin da ba sa gajiya

Shekara tara ke nan da muka rufe ƙanena Sadisu a nan Doha, Allah Ya jiƙansa. Direba ne, ɗakinmu ɗaya a unguwar Bin Omran, mutum ne ɗan tsurut da shi kamar ka hure shi ya faɗi. Amma duk Juma'a da yamma sai ya bi abokan aikinsa 'yan Kenya wasan zari-ruga, inda ake rungumar ƙwallo a ruga, ƙatti su bi mutum su kayar.

In na yi masa tsiya sai ya yi dariya. "Yaya, ƙato buhun gero ne, ɗaukar kansa ma aiki ne. Bari dai ya gaji." Haka kuwa yake yi. Ya yi ta zille-zille har numfashinsu ya ƙare, sannan ya sulale ta tsakaninsu. Mahaƙurci mawadaci, in ji shi.

Abin da bai kawo a ransa ba shi ne 'yan canjin da ke zaune a benci. Ranar wasansa na ƙarshe ƙattin sun gaji kamar kullum, sai aka fitar da su aka zubo sababbi. Ɗaya daga ciki, ko gumi bai yi ba, ya tare shi a guje. Wuyan Sadisu ne ya taɓu, bai sake tashi ba.

Yanzu ina jin masana wasan na cewa a rage yawan canji, ko a bar shi sai ga wanda ya ji rauni, don ƙato ya san da shi za a kai ƙarshe, ya rage jiki. Da Sadisu na nan da ya ce, "Ban faɗa ba?" Ni kam na fid da rai. Ihu ne bayan hari, kuma 'yan wasan kullum ƙara faɗi suke.

Tsorona ɗansa Mubarak ne. Ni na samo masa kafil, wato mai ɗaukar nauyin zuwansa aiki nan, na yi wa uwarsa alkawarin zan riƙe amana, ga shi ya faɗa wasan nan. Kullum ɗanyen ƙwai da ɗaga ƙarfe. Da na roƙe shi ya bari, cewa ya yi, "Baffa, khalas, shi ke nan, zamanin ƙanana ya wuce."

Makon jiya na ciro masa rigar wasan ubansa, ko zai tuna dabarar mai ita. Ko kafaɗarsa ba ta wuce ba. Ya miƙo mini, ya ce kocinsu har yanzu cewa yake girmansa bai kai ba.

Abin da ya rage na Sadisu ke nan: dabarar da ta daina aiki, da rigar da ba mai iya sawa. Na ninke ta na mayar akwati. Juma'ar nan Mubarak yana da wasa.