Garin Gwangwani na Sajo

Ka taɓa ƙirga mutanen da suka wuce rumfarka suka tsaya a ta maƙwabcinka? Ni na ƙirga. Wata Alhamis a kasuwar Maigatari, cikin 1975, mutum ɗari da sittin da uku suka tsaya wurin Sajo. Ni tara.

Sajo maƙerin gwangwani ne kamar ni, mutumin Gagarawa, siriri, ba ya gaggawa. Ina haɗa fitilar aci-balbal arba'in a yini, shi da ƙyar yake yin goma sha biyu. A shekarar nan kaya suka cika kasuwa, kowa sai madarar gwangwani da kifin gwangwani. Sai Sajo ya kwantar da wani tsohon ƙyaure ya fara gina gari a kansa da gwangwanaye. Garin ba katanga, ba unguwar masu hali. Kasuwarsa a sama take bisa ginshiƙai, raƙuma da manyan motoci na bi ta ƙasa. Kowane rufi yana zuba ruwan sama a rijiya guda.

Akwai rumfar bakin ƙofa da na shekara huɗu ina nema. Sarkin Kasuwa ya ce zai ba wanda ya fi tara jama'a a cikinmu. Na ce in dai gari ne, nawa sai ya fi. Sajo gwangwani ɗari biyu gare shi, na tara ɗari biyar. Na ƙone fentinsu na goge da toka, yadda muke yi wa fitila, na jera layi goma sha huɗu suna ƙyalli.

Kyauta mai fura ta leƙo. "Ilu, wannan gari ne ko maƙabarta? Ina gidana?"

"Zaɓi ɗaya mana, Yaya, ai duk iri ɗaya ne."

"To shi ne matsalar ai."

Na bi ta har wurin Sajo. Ashe gwangwanayensa ba a bola yake tsinto su kamar ni ba. Kowa nasa yake kawowa da fentinsa, Sajo ya tambaye shi, "A ina kake son zama?" Ga na tumatirin Kyauta a bakin rijiya, har ta kama faɗa da wani direba wai na man injinsa ya tare mata iska.

Rumfar ta zama ta Sajo. Nawa ɗari biyar na mai da su fitilu, sun ƙare cikin mako uku, amma ba wanda ya yi faɗa a kan ko ɗaya. Abin na ci na har yau.

Kai ma gwada. Karɓi gwangwanin da maƙwabcinka ya shanye, ka tambaye shi inda yake son a ajiye masa gida, sannan ka ƙirga minti nawa zai yi bai yi shiru ba.