Ranar da Aka Gwada Hannun Kaka

Shekaranjiya na shiga shagon wani tela a Fordham Road, nan New York, na tarar yana ɗiga wa kekensa mai. Warin ya dake ni har na manta ɗinkin da na zo karɓa. Mai mai irin wannan warin kakana yake shafa wa bindigoginsa, a gidanmu na saman bene a Morrisania, lokacin ina 'yar firamare.

Kada ka ji bindiga ka ɗauka labarin wani tsohon mugu zan ba ka. Kaka jandarma ne a Maraɗi kafin ya biyo Baba nan ƙasar, ya yi shekaru yana gadin wani sito. Ya sha wuyar neman lasisi har Iya, matarsa, ta ce ko aikin hajji bai wahalar da shi haka ba. Da ya samu, sai ya shiga tara ƙananan bindigogin hannu, irin waɗanda 'yan sandan Turai suka daina aiki da su aka zubo kasuwa da araha. Fentinsu ya koɗe, harsashinsu ɗan mitsitsi. Ya ce shi ya sa yake son su, an sallame su kamar yadda aka sallame shi, alhali suna da sauran amfani.

Duk Juma'a bayan la'asar sai ya shimfiɗa tsohon tawul a tebur, ya ciro makullin akwatin ƙarfe daga wuyansa. Kafin komai sai ya nuna min babu harsashi a ciki. Ni kallo kawai aka yarje min, hannuwana a baya. Amarya yake kirana, irin wasan kaka da jika, in na amsa masa da Turanci ya ce zai sake ni ya auro mai jin Hausa. Ran Asabar kuma sai Baba ya ɗauke shi a tasinsa zuwa filin harbi can bayan gari. Yakan dawo yana surutu kamar saurayi. Sauran kwanakin kuwa yana bakin taga, yana kallon mutanen da ba su san ana gaisuwa ba.

Wata shekara da sanyi ya shigo, hita mai ɗumama ɗaki na ta tsaki a kusurwa, Baba ya lura kofin shayi na rawa a hannun Kaka. Shi Baba bai iya shafa wa magana zuma ba. Muna cin tuwo ya ce lokaci ya yi da za a mayar da lasisin, a rabu da bindigogin.

Kaka ya ajiye loma. "Ka gwada ni Asabar. In na kuskure takardar da ake auna wa harbi, ga makulli, ka ɗauka."

Tuwon ya fita raina. Yarinya ce ni, amma na san in makullin nan ya bar wuyansa, babu sauran abin da zai fitar da shi daga gida sai masallaci da asibiti. Na ji haushin Baba sosai, na yi kwana biyu ina gaishe shi a tsaitsaye.

Ran Juma'ar nan Kaka ya rufe ƙofa, ya ce yau ba kallo, shiri na musamman zai yi. Da safe na nace sai an je da ni. Dusar ƙanƙara ta rufe gefen titi, akwatin bindigar yana kulle a but ɗin mota, inda hita ba ta kaiwa, muka yi tafiya mai nisa.

A filin, yara ba sa wuce gilashi. Ni da Baba muka tsaya nan muna hango shi, ya sa abin toshe kunne, ya gyara tsayuwa irin ta jandarma, ya ɗaga hannu. Muka jira ƙara. Shiru. Ya sauke, ya jira, ya sake ɗagawa. Shiru dai. Baba ya sunkuyar da kai ya ce a hankali, yatsan ne ya kasa jan kunamar bindigar. Sai na ga ashe shi ma ba so yake ya ci wannan gardamar ba.

Kaka ya cire harsashi ya fito, tuni makullin na hannunsa. Mai filin, wani Bature mai ƙaton gemu da suka saba, ya ce a bari ya duba. Ya buɗe bindigar a kan teburinsa, ya lakato wani farin abu da ya daskare a ciki kamar sabulu. Ya shinshina, ya kasa ganewa. Ni ko daga inda nake na gane, don shi ake mulka min a ƙafa kowace safiya saboda kaushi.

"Man kaɗen Iya ne!" na faɗa da ƙarfi, kuma da Hausa.

Kaka ya harare ni. "To, mi? Ubana maharbi ne. In za shi babbar farauta, da shi yake shafe bindigarshi ta adaka, ba ta taɓa ba shi kunya ba."

Gaskiyarsa, a ranar Maraɗi man kaɗe narkewa yake yi. A but ɗin tasi cikin sanyin New York kuwa ya riƙe komai gam. Baba ya yi dariya har ya jingina da bango. Kaka bai yi ba. Ya miƙa masa makullin, ya ce alkawari alkawari ne, takarda ba ta ga harsashinsa ba. Baba ya sa hannu biyu ya mayar masa da igiyar a wuya, ya ce wa mahaifin nasa:

"Baba, ai ba a fara gwajin ba tukuna."

Aka wanke bindigar tas, aka sa mata manta na kanti. Wannan karon ƙarar ta fito, tas, tas, ba ta fi ta fasa kwakwa ba. Da aka jawo takardar, hudojin sun taru a tsakiya, tafin hannuna ya rufe su, sai ɗaya da ya yi gefe. Kaka ya ce wannan laifin amarya ne, ita ta tona masa asiri gaban Bature. Hukuncin gaske a gida muka tarar da shi, don man nan ƙanwar Iya ce ta aiko mata daga gida, kuma Kaka ya kwashe kusan rabi. Har bazara tana yi masa gorin abin.

Ya ƙara shekaru yana zuwa filin, kuma da lokacin ya yi, da kansa ya cire makullin, ba wanda ya tambaye shi. Ya rasu, Allah ya jiƙansa, Iya ma ta bi shi, mun koma Soundview. Yanzu Baba ne ya yi furfura. Watan jiya ya goga motarsa a jikin wata, ƙannena suna ta kirana, wai ni ce babba, in karɓe makullin tasin. Maganar ta zo min har baki. Sai na ce masa Asabar zan zauna a gefensa ya kai ni kasuwa. Amma kafin nan na kai motar gareji, na ce wa bakanike ya fara duba birki.