Seini Mai Kwalba da Lasifikar Tashar Lori

Kullum da safe Seini kan share gaban rumfarsa, ya kunna rediyon mutane a jere, ya zauna yana jira su yi ɗumi. Aikinsa gyaran akwatin lasifika ne, mai 'yan kwalaben nan masu ja kamar garwashi a ciki. Da asuwakinsa yake bin su yana ƙwanƙwasawa, kunne a karkace. Wadda ta yi sanyi ta mutu. Wadda ta amsa da ƙara tana hanya. Mun sha yi masa tsiya cewa kwalba ta fi mu samun gaisuwa.

A ƙarshen bara aka ce baƙi marasa takarda su bar ƙasa. Har yau ban gane ba. A Zongon Kumasi aka yanke cibiyar Seini, Dosso kuwa a bakin mahaifinsa kawai ya san ta, amma aka ce can ne gida. Ya ɗaure kaya, shi da matarsa Zuleha da 'yarsu Sala suka hau lori.

Ina tashar a ranar, na je rakiya. Jama'a sun yi maƙil, kowa na kiran nasa. An aro lasifikar masallaci ana cigiyar waɗanda suka ɓace. Wata Mamunatu mai koko ta zo a firgice, tsohuwarta makauniya ta kuɓuce mata a turmutsitsi, ga lorinsu na shirin tashi. Tana kai baki ga lasifikar, akwatin ya saki wani irin kuka. Aka ɗauka jiniyar 'yan sanda ce, sai kowa ya zuba a guje, har da masu takarda.

Mamunatu ta hango Seini a kan kaya.

"Massa Seini, sauko don Allah! Uwana ba ya gani koraa, ko kaɗan!"

Zuleha ta riƙe masa riga. "Baban Sala, direba ya ta da inji fa."

"Yanzu-yanzu zan dawo," in ji shi.

Seini, kai ne ka durƙusa a cikin ƙafafun masu gudu, ka buɗe akwatin, ka bi kwalaben da asuwaki har ka kama mai kukan. Kai ne ka zare ta da bakin riga tana ƙuna, ka sa wadda ka killace a aljihu don fara sana'a a Dosso. Da murya ta fito fes, Mamunatu ta yi kira da Zabarmanci, sai ga tsohuwa ta amsa daga bayan buhunan gawayi. Wallahi na yi hawaye.

Da ka waiwaya, lorinka ta tafi.

Ga mu a sabuwar shekara, Seini yana nan yana gyara a ɓoye. Ko ya bi su, ko ya jira su dawo, bai sani ba. Ni ma ban san ko wannan yabo taimako ne ko tona asiri ba, shi ya sa ban faɗi unguwarsa ba.

Mun gode, Seini, Allah ya saka da alheri. Masu sana'a, in aka kira ku, ku sauko kamar yadda ya sauko. Wanda kuma hanya ta kai shi Dosso, ya nemi Zuleha uwar Sala, ya gaya mata mijinta na raye, kuma ba guje mata ya yi ba.