Nonon da Kaka ta zuba a rami

Shekaranjiya surukata ta narkar da man kaɗanya za ta shafa mini a ƙirji. Ƙamshin na bugun hancina sai na gan ni a Onklou, tsugune a gefen garken Kaka. Ku yi haƙuri in zancen ya karkace.

A Ladjifarani na girma, cikin Parakou, amma duk hutun lakwal, wato makaranta, na damina akan sa ni a mota zuwa wajen kakata ta wajen uwa, can Onklou, a ƙasar Djougou. 'Yan shanu gare ta, da nononsu take yin wagashi, cukun nan da ake daskarar da shi da ruwan tumfafiya. Damina a can ciyawa ce har gwiwa, ga taɓo, ga ƙuda. Lokacin ne nono ke yawa, lokacin ne kuma ciwon hantsa ke shigowa garke.

Kaka ba ta taɓa saniya sai ta wanke hannu da sabulu. Takan goge hantsa da ruwan ɗumi, kowace saniya da nata tsumman. Nonon farko a kan wani baƙin murfi take tatsa shi, ta karkata shi wajen haske ta duba ko da gudaji. In ta gama sai ta zuba musu dusa, ni kuma aikina in tsare su a tsaye.

"Kar ki bar ta ta kwanta," in ji ta. "Bakin nonon a buɗe yake, taɓo zai shiga."

Duk da haka, wata damina ciwon ya kama jar saniyarta. Gefe guda na hantsar ya kumbura, ya yi tauri, zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Abin da ke fitowa gudaji ne da jini-jini. Kaka ta mai da ita ta ƙarshe a tatsa don kar ta shafa wa sauran. Ta gasa wurin, ta mulke shi da man kaɗanya, ta tatse, anjima ta sake. Saniyar tana harbi, tana huci, idonta na ruwa.

Na ce, "Kaka, ki ƙyale ta mana, zafi take ji."

"Ji 'yar birni da tausayi! In na ƙyale, nonon nan mutuwa zai yi."

Kawuna ya hau babur ya ɗauko likitan dabbobi daga Djougou. Ya matsa magani a cikin nonon, ya yi mata allura, ya ce kar a sha, kar a sayar, sai maganin ya fita daga jikinta. Kaka ta haƙa rami a bayan garke. Duk abin da ta tatsa can take juyewa ta rufe da ƙasa, ko kare ba ta bari ya lasa.

Ramin nan ne ya dawo mini. Ban daɗe da haihuwar 'yata ta fari ba, bayan suna nonona na hagu ya yi tauri, ya yi ja, zazzaɓi ya rufe ni. Surukata, da ke wanke ni kamar ita ta haife ni, ta duba ta girgiza kai.

"'Yata, nonon nan ya ɓaci. Ki cire yarinyar daga kansa."

Ban yi musu ba, don ramin Kaka nake gani. Na ce ashe guba nake ɗura wa 'yata. Tsoro ya sa na hana ta har na dama. Ta ƙi madarar gwangwani, ta yi ta kuka har muryarta ta dishe, ni kuma ƙirjin kamar zai fashe.

Jiya da safe maigidana ya kai mu matanite, asibitin haihuwa. Ina kuka na ba ungozomar labarin jar saniya da ramin. Dattijuwa ce, ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta yi dariya.

"Madam, ke saniya ce? Nononki ba zai cuce ta ba, maganin da zan ba ki ma haka. Gaya mini, kakarki ta daina tatsa?"

Na ce a'a.

"To, rabin labarin kika riƙe. Kawo ta nan."

Ta ɗora mini ita a nonon mai ciwon. Wallahi da ta kama, saura kaɗan in harbi matar nan da ƙafa. Na cije gefen zanina, hawaye na zuba, ina jin 'yata tana haɗiya.

Kaka ta rasu, Allah ya jiƙanta. Shanun suna hannun kawuna, matarsa ke tatsa, a bokitin roba maimakon ƙwarya, likita kuma waya kawai ake buga masa. Jar saniyar ta warke a waccan daminar, jikokinta ne a garken yanzu.

Zazzaɓin ya fara sauka, amma nakan taɓa ƙirjin 'yata in ji ko tana numfashi. Ɗazu na kira matar kawuna. Ta zaci wani abu ne ya faru. Na ce ba komai, roƙo ɗaya gare ni: duk ranar da saniya mai ciwon hantsa ta harbe ta, don Allah kar ta doke ta.