Kaset ɗin da na aika Zangon Kumasi

Tun ina yarinya a Zangon Kumasi an san ni da baki. Zuwana New York bai rage komai ba, sai ma harshe na biyu da ya ƙara min.

A shekarun nan ina zaune a Morris Heights, hawa na huɗu, ni da 'yata, ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Yayana yana gaba da mu da layi biyu, tasi yake tuƙawa. Shi ya kawo ni ƙasar, kuma ba ya bari in manta.

Wata rana na dawo daga aiki na tarar da 'yata a kicin, ko jakar makaranta ba ta sauke ba. Shekararta goma sha huɗu lokacin. An yi musu darasi kan cinikin bayi, malamin ya nuna hoton tsohon ginin nan na Elmina, inda ake tsare mutane kafin a zuba su a jirgin ruwa. Sai wata yarinya baƙar Amurka, ƙawarta ce ma, ta juyo ta ce mata, ai ku ne kuka sayar da mu. 'Yata tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsawa, da shi kuma ta tambaye ni ko gaskiya ne.

Na ce mata a cikin mutanenmu akwai waɗanda suka sayar, ba zan yi mata ƙarya ba. Daga nan na faɗa mata abin da ba a faɗa a gidanmu. Kakar mahaifiyata sayo ta aka yi a kasuwar Salaga tana 'yar ƙarama. Ta rayu, ta haihu, ta mutu a Zango da tsaga a fuskarta wadda ba ta yi kama da ta kowa ba. Manyan gida duk sun sani, ba wanda yake furtawa, domin a wurinmu asali abu ne da ake bincika kafin aure. Na ce mata in an yi hutun makaranta za mu je gida, kuma da kaina zan kai ta Elmina ta ga wurin.

Muka shiga shiri. Ta aro taswira a laburare, muka shimfiɗa a teburin kicin muka danne da kwalbar manja. A tashi daga Kumasi bayan sallar asuba, a tsaya a wani rafi da ke hanya, wanda aka ce a nan ake yi wa bayi wankan ƙarshe, a yi azahar a Cape Coast, la'asar a Elmina, a dawo gida a ranar. Motar haya ba ta cikin lissafina. Ba ta tashi sai ta cika, ba ta tsayawa inda kake so, ga shi ina son Mma, mahaifiyata, ta bi mu, ita kuwa gwiwoyinta ba sa son matsi.

Mota kam akwai. Yaya ya tura wata Fijo gida, tana tsakar gidan Mma lulluɓe da tamfol, wani direba maƙwabcinmu yana ta da ita duk mako. Na roƙe shi aron yini ɗaya. Ya yi dariya ya ce, "Wurin da baƙaƙen Amurka suke zuwa su yi kuka? Ke me ya kai ki?" Amma ya yarda, da sharaɗin a canja mai.

Saura in sanar da Mma. Gidan ba waya, ita kuma ba ta karanta boko, saboda haka kaset muke aika wa juna. Ran wata Lahadi da rana na rufe ɗaki na danna rikoda. Na gaishe ta, na gaida kowa da kowa, sannan na ba ta labarin abin da aka gaya wa jikarta da abin da na amsa. Na ce ina so ta zauna kusa da yarinyar a mota, ta ba ta labarin Kaka da bakinta, yadda aka sayo ta da yadda ta zauna. Na bai wa wata 'yar kasuwa mai tafiya Ghana kaset ɗin.

Shekara tara a Amurka sun sa na manta yadda ake jin kaset a Zango. Ba a ɗaki ake ji ba. Tabarma ake shimfiɗawa a tsakar gida, a aika a kira maƙwabta, a ajiye rediyo a tsakiya a ƙure murya, domin kowa yana jira ya ji ko an ambace shi. Haka aka yi. A cikin masu sauraro har da matan gidan da ɗansu yake neman babbar 'yar Yaya, wadda take zaune wajen Mma.

Labari ya iso Bronx da sauri. Yaya ya hau benen nan huɗu bai huta ba, ko gaisuwata bai amsa ba.

"Kin tona mana asiri a gaban duniya. Kin san abin da kika ja wa 'yata?"

"Yaya, ban san za a sa a tsakar gida ba."

"A ina aka haife ki da ba ki sani ba? Kuma tsohuwar nan me ya haɗa ta da Elmina? A zamaninta an daɗe da daina lodin jirgi."

Na ce hanyar ɗaya ce, ita ce dai ba a ƙarasa da ita ba. Ya ce motarsa ba za ta taka wurin ba. Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi: in sake wani kaset in ce kuskure na yi, gajiyar aiki ce, Kaka 'yar fatake ce da ta biyo ayarin goro.

Ba zan ɓoye ba, 'yarsa ta tsaya min a rai. Yarinya ce mai kirki, ba ta yi wa kowa laifi ba, kuma bakina ne ya jefa ta cikin wannan. Na ji kunya ƙwarai. Amma tawa 'yar tana tsaye a ƙofar kicin tana jin mu, ita da na gaya wa gaskiya mako uku da suka wuce. Na ce masa zan ba kowa haƙuri kan wurin da maganar ta faɗa, amma ba zan ce ƙarya na yi ba. Wanda ya sayi ƙaramar yarinya shi ya kamata jikokinsa su sunkuyar da kai, ba mu ba. Ya fita ya bar ƙofa a buɗe.

Ban naɗe taswirar ba. Na shiga tambaya a shagon da muke sayen garin rogo da busasshen kifi, ko wani yana da ɗan'uwa mai mota a Kumasi. Wasu matan da muka saba suka rage gaishe ni. Ni kuwa na riƙa ɗaga murya ina gaishe su ɗaya bayan ɗaya, har sai sun amsa.

Bayan wata guda 'yar kasuwar ta dawo da kaset daga Mma, ta ce an ce mu ji tare, ni da Yaya. Muka taru a falonsa ran Juma'a da yamma, da matarsa da 'yata. Mma ta yi doguwar gaisuwarta. A bayanta ana jin daka, ana jin kaji, ana jin mata suna tari da gyaran zama. Ita ma a tsakar gida ta yi nata, a gaban kowa.

Ta ce, "Tsohuwar da ake magana a kai, ita ta goya ni. Da hannunta ta ba ni abinci har na yi wayo. Ba ta san sunan uwarta ba, ba ta san garinsu ba, kuma tun da ta rasu ban taɓa jin wani ya yi wa iyayenta sadaka ba, har da ni. Abin da 'yata ta faɗa gaskiya ne. Na aika wa masu neman jikata, wanda yake so ya zo, wanda ba ya so Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Yaya ya miƙa hannu zai kashe, sai ya fasa.

"Kai kuma babba, na ji an ce ka hana mota. Mota a tsakar gidana take, makulli yana cikin kwallata ƙarƙashin zannuwa. A gaya wa direba ya zo da asuba. Ni baya zan zauna da jikata ta Amurka, in ba ta jin Hausata ta tsayar da ni in sake. Zan taho da goro da masa na sadaka. Kujerar gaba taka ce in ka ga dama."

Bai je ba. Ya shekara biyu ba ya hawa benena, mutanen can kuma sun janye neman aurensu, wannan yana kaina har yau. Da na je gida na sami 'yar tasa a ɗaki na ba ta haƙuri. Ta ci gaba da ninke kayanta.

Ranar tafiya Elmina, muna zuba kwanukan masa a bayan mota, sai ga ta ta fito da mayafinta da takalmin fita. Ta buɗe ƙofar gaba ta zauna a kujerar ubanta, ta ce wa direba mu tafi kada rana ta yi mana.