Ramar da Mama Ta Kitsa

A shekarata ta ƙarshe a jami'a a Samaru, lokacin da wayar salula ta fara shiga hannun ɗalibai, aka ba ni aikin kammala karatu a kan rama. Duk wanda na faɗa wa sai ya tambaye ni ko da ƙuli-ƙuli za a kwaɗa. Ba ganyen ba ne, zaren jikin karan ne, wanda ake tufka igiya da shi. Zan shimfiɗa shi a cikin rezin, wani ruwan danƙo da yake daskarewa ya yi tauri, in fitar da ɗan allo, a yanka shi, a sa a injin gwaji ya ja har ya tsinke. Abin da ake son sani shi ne ko rama za ta iya tsayawa a madadin faiba, zaren gilashin nan da ake shigowa da shi daga waje. Ni kam ban taɓa shakka ba, don na tashi ina ganin igiyar rama tana riƙe bijimi.

Mama ce ta ɗauki nauyin zaren. Daga gonar kawuna aka yanko, ta jiƙa, ta saɓe, ta wanke shi tas a gidanmu na Dogarawa. Mama mace ce da ba ta iya ganin abu a hargitse ta ƙyale shi. Don kada ya cukurkuɗe a cikin bas, sai ta zauna ta kitse shi da sauran danshinsa, kalaba-kalaba, ta shanya. Da na karɓa har yabawa na yi. Na kwance kitson a ɗakin gwaji, na jera, na zuba rezin, na bi da rola. Allunan suka fito suna sheƙi, har na riƙa kiran ƙawayena su zo su gani.

Ranar gwaji inji bai ma gama gurnani ba allon farko ya tsinke, sauran suka bi shi. Malamin da ke duba aikina yana tsaye daga bakin ƙofa, ko matsowa bai yi ba. Ya ce dama ya sani, kayan ƙauye kayan ƙauye ne, in rubuta abin da inji ya ba ni.

Na kwashi gutsattsarin na nufi Muchia da niyyar faɗa. A can na sayi rezin, wajen wani dattijo ɗan Kudu mai gyaran bambar mota da tankin ruwa, kuma na gama yanke hukunci tun a cikin bas cewa ya sirka min kaya. Ya bar ni na zazzage duk abin da ke bakina. Sannan ya goge hannu, ya ɗauki gutsure ɗaya, ya fita waje ya ɗaga shi saitin rana, ya ce in zo in duba. Ga zaren nan a ciki ya yi lanƙwasa-lanƙwasa, kamar gashin da aka tsefe yanzu, kuma a kan lanƙwasar kowane allo ya karye.

Ya zaro zare ɗaya ya nuna min. Miƙaƙƙe, da an ja shi yake ɗaukar nauyi. Lanƙwasasshe kuwa sai ya fara miƙewa tukuna, kafin nan rezin ya gaji ya tsage. Ya ce a shagonsa in faiba ta tattare a kwanar tanki, ɓare ta yake yi ya sake, don a nan ruwa zai fasa komai kyan fenti.

"Injiniya," ya ce, "wane ne ya yi wa wannan abu kitso?"

Shekara biyar ina karatu, babu wanda ya taɓa ce min in ɗaga abu in duba shi a rana.

Na je gida na sauke wa Mama fushin da ba nata ba. Har yau ina jin kunyar wannan yammacin. Da na gama, ta ce da na gaya mata a miƙe ake so, ai da a miƙe zan samu. Washegari ta sake jiƙa sauran zaren, ta taje shi da matajin katako, ta rataye a reshen mangwaro, ta ɗaura wa kowane damƙi dutse a ƙasa. Kwana uku ta hana awaki zuwa wajen. Na yi sababbin alluna a shagon dattijon. Ya ɗaure ɗaya a bais, ƙarfen da ke matse abu a kan teburin aiki, ya danna da duk ƙarfinsa, allon ya lanƙwasa ya dawo.

Da murnata na kai wa malamin. Na ajiye tsoho da sabo a kan tebur, na roƙe shi awa ɗaya kacal a kan inji. Ya tambayi wanda ya gano matsalar, ni kuma da wautata na faɗi gaskiya. Ya yi dariya har da jingina da kujera, wai yanzu mai liƙin bamba ne zai koya mana aiki. Daga baya na ji cewa ya riga ya sa sakamakon farko a wata takarda da ya aika taro, kuma sabon gwaji zai ƙaryata shi. A ranar dai ce min ya yi an rufe gwaji. Ko in rubuta abin da ke hannu in fita tare da 'yan ajinmu, ko in dawo baɗi in fara daga farko, kuma shi ne dai zai sake duba ni.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ba wai bai gane ba ne, ya fi ni ganewa, ko taɓa sabon allon bai yarda ya yi ba. Na yi ƙoƙarin cusa layi biyu a babin ƙarshe, cewa zaren ya lanƙwashe tun kafin a zuba rezin. Ya ja jan biro a kai.

"Nan ba shagon kitso ba ne," ya ce.

Ina so in ce na tsaya kai da fata, amma ban tsaya ba. A gida an riga an gaya wa 'yan coci ina gamawa bana, an fara zancen inda za a tura ni bautar ƙasa. Na zauna na buga da yatsuna cewa zaren rama ba shi da ƙarfin da zai maye gurbin faiba. Na tsaya gaban malamin da aka gayyato daga waje na kare wannan magana, aka ba ni maki mai kyau, aka yi min barka.

Bayan shekara huɗu, ina koyarwa a wata makarantar fasaha a Sabon Gari, wata yarinya 'yar cocinmu da ke ajin ƙarshe ta tare ni bayan sujada. Ta ce ta so ƙwarai ta yi aikinta a kan rama, don babanta na noma ta, amma an ce kada ta ɓata lokacinta, an riga an gwada. Ta ciro hoton wani shafi daga jaka, ga sunana a sama da manyan baƙaƙe.

"Anti, da gaske ke kika rubuta?"

Na ce ni ce, kuma ƙarya ce. Na fara ba ta labarin kitson da sauri, ina cewa ta zo gida Mama ta nuna mata yadda ake tajewa. Ta saurare ni cikin ladabi har na gama, sannan ta ce ai tun zangon da ya wuce aka canza mata aiki. Su uku ne suka nemi rama a shekarar, kuma duka ukun shafina aka nuna musu.