Wasan da na tsayar a Fordham Road

Har yau ranar da na tsayar da wasan Alhaji Mamane ba ta bar raina ba. A lokacin ni ne mai kula da gasar Lahadi a ɗakin sinukar nan namu na Fordham Road, ba a daɗe da sake buɗewa bayan korona ba.

Ku sababbi ba ku tarar da wahalar ba. Wasan one pocket, wanda muke kira "rami ɗaya", kowa ramin kusurwa ɗaya ne nasa, wanda ya riga zura ƙwallo takwas shi ya ci. To, gwanaye ba ci suke fara nema ba, hana juna suke yi. Sai su kore ƙwallayen can ƙarshen tebur, ka je ka yi la'asar ka dawo ka tarar ba abin da ya motsa.

Mai wurin, wani ɗan Dominika, ya gaji da mu. Ya ce masu wasan yamma sun kama teburan, in muka ƙara shiga lokacinsu ko sau ɗaya, gasa ta mutu. Shi ne na kawo dokar agogo: lokaci na cika, wanda ya fi ƙwallo ya ci, in kunnen doki ne, a yi bugu ɗaya-ɗaya a raba gardama. Dattawa sun sha mita, amma sun bi.

Ran nan wasan ƙarshe ya haɗa Alhaji Mamane, ɗan Maraɗi mai sayar da jakunkuna a 125th Street, da amininsa Baba Danladi, direban tasi ɗan Zangon Kumasi. Kowa ya san Alhaji ya haɗa kaya, washegari zai koma gida ke nan. Suka kai bakwai da bakwai, saura ƙwallo ɗaya.

Ƙwallon ya zo ya tsaya a bakin ramin Baba Danladi, ko ɗan koyo zai zura. Baba ya goga alli a bakin sandarsa, ya sunkuya, ya tura shi can nesa. Da dama ta zo wa Alhaji, shi ma haka ya yi. Sai na gane ba wanda yake so a gama.

Lokaci ya cika. Masu wasan yamma na tsaye da sandunansu, mai wuri na kallona. Na matsa.

"Alhaji, Baba, ku yi haƙuri, lokaci ya yi."

"Sagiru, bar mu mu ida," in ji Alhaji. "Mi ya yi saura? Ƙwallo guda."

"Gudan nan tun ɗazu kuke kiwonsa, Alhaji."

Baba Danladi bai ko ɗago ba. "Ɗana, five minutes kawai."

Na waiwaya, mai wuri ya girgiza kai. Na sa hannu na ɗauke ƙwallon, na ce a yi bugun raba gardama. Alhaji ya warware sandarsa a hankali.

"Bon, ka yi aikinka," ya ce. "Amma mu ba a raba mu da bugu guda."

Ba wanda ya taɓa kofin gasar. Ina jiyo su a matakala suna musun wanda zai ci da an bar su.

Gasa ta rayu, ga shi kuna gani ana tashi a kan kari. Baba Danladi ya ɗan riƙa zuwa yana zama ba ya bugawa, daga baya ya ɗauke ƙafa. Ku riƙe agogo, aikinmu ne, amma ku sani wasu ba kofi ke kawo su ba. In wasa ya ƙare, ɗaki ne kawai yake jiransu, ba mai ce musu sannu da zuwa. Wallahi ina kewar dattawan nan.

Da Sallar bara Alhaji ya kira ni daga Maraɗi. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Sagiru, Danladi ya ce mini yana bugawa kowace Lahadi. Gaskiya ne?"

Na ce masa yana bugawa.